Gyaran da Na Yi wa Buzuzu

Litinin, 5 ga Mayu

Yau Buzuzu ya tura ƙwallo har cikin da'ira, karo na farko tun da muka fara haɗa shi. Dogo ya daka tsalle ya buga kai a jikin fanka, Allah ya taimaka babu wuta. Tabarau ba ta yi ihu ba. Cire tabaran nata ta yi, ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta ce, "A sake." Aka sake, ya sake shiga. Shiru kuwa, ta ukunsu, murmushi kawai take yi.

Ni ma sai da na juya na yi kamar ina neman alli.

Bari in rubuta yadda yake a yau, don in tuna. Ɗan mutum-mutumi ne da bai fi tafin hannu biyu ba. Taya biyu, batir, idanu uku a ƙasa masu gane baƙin layi, ido ɗaya a gaba mai gane cikas, sai ɗan allon da muke loda wa umarni daga kwamfuta. Dogo ya kifa masa murfin robar abinci a baya. Shi ya raɗa masa sunan ma, wai yadda yake tura ƙwallon yana tangaɗi, sak buzuzu da kayansa. Yara uku ne suka rage a kulob ɗinmu na haɗa mutum-mutumi, cikin cikakken aji da ya rubuta suna a farkon zango. Waɗannan ukun ba su taɓa fashi ba, kullum aka tashi suna ɗakin gwaje-gwaje.

Gasar makarantu ranar Asabar ce, ashirin da huɗu ga wata. Dokar da ke hana ni sukuni ita ce: a ranar, alƙalai za su canza hanyar, su ba yara ɗan lokaci su gyara umarnin da hannunsu. Malamai suna bayan igiya. An ce ko tari aka ji ka yi da manufa, an cire makarantarku.

Laraba, 7 ga Mayu

Na zauna na karanta manhajar tasu daga sama har ƙasa. Da ma ban karanta ba.

Fayil ɗaya ne. Ɗaya tak, kamar ɗakin da aka zuba gado da tukwane da awaki. Kowa inda ya ga fili nan yake rubuta nasa. Akwai wani umarni mai suna dogo_ya_juya_hagu. Akwai shiru_ta_ce_a_bar_shi_haka. Akwai wani da aka rubuta wa a sama da manyan baƙaƙe, KAR A TAƁA, BA MU SAN DALILIN DA YA SA YAKE AIKI BA. Lambar saurin taya an rubuta ta a wuri shida, kuma ba iri ɗaya ba. Ko'ina "jira" suka sa: juya, jira, tafi, jira. Duk lokacin da yake jiran nan makaho ne, ko bango aka gina a gabansa sai ya dake shi.

Tabarau na tsaye a kaina tana kallon fuskata. Ta ce, "Malama, ya kika gani?"

Na ce, "Kun yi ƙoƙari."

Ta ce, "Idan kika ce mun yi ƙoƙari, akwai magana."

Yarinyar nan tana karanta ni fiye da yadda take karanta littafi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na taho da kwamfutar kulob gida, da Buzuzu a cikin kwali. Na ce musu zan duba ne kawai. Kuma wallahi a lokacin abin da nake nufi ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu

Baban yara ya kwashi yaran sun tafi gidan mahaifiyarsa tun da safe. Gida tsit. Na share teburin cin abinci, na manna baƙin salatif a ƙasan falo, na buɗe kwamfuta.

Rabon da in ji daɗin aiki haka tun ina jami'a. Na fara da cewa bari in tattara lambobin saurin nan wuri ɗaya. Daga nan na ga ai gara a ware na taya daban. In an ware na taya, don me za a bar na idanu? Kafin la'asar fayil shida ne a gabana, kowanne a cikin foldarsa. Taya. Idanun ƙasa. Idon gaba. Saituna, inda duk wata lamba take zaune ita kaɗai. Agogo. Sai babban, wanda yake yanke shawara. Na cire duk wani "jira". Yanzu a kowane lokaci Buzuzu yana cikin hali ɗaya daga cikin huɗu: bin layi, neman layi, kauce wa cikas, ko tura ƙwallo, kuma idanunsa a buɗe suke ko da yaushe. Sunayen nan nasu na ban dariya duk na mayar da su Turanci mai tsabta, irin wanda aka koya mana.

Shayin da na haɗa da safe sai da yamma na gan shi, ƙuda ya mutu a ciki.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na loda. Ya tafi kamar an shafa masa mai. Babu tangaɗi, babu tsayawa yana tunani. Na sa takalmin Baban yara a kan layi, ya zagaye shi ya koma hanya, ko taɓawa bai yi ba.

Baban yara ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ya ce, "To, Injiniya. Wannan na yaran ne ko naki?"

Na ce nasu ne mana, shara kawai na yi musu.

Ya ce, "Ke fa ko igiyar takalmin Auta kika ga ya ɗaura a karkace sai kin kwance kin sake. Yaron nan zai yi aure bai iya ɗaura takalmi ba."

Na ce ya je ya ji da majinyatansa. Ya tafi yana dariya.

Litinin, 12 ga Mayu

Na so in ba su mamaki. Har Shugaban makaranta na gayyato ya zo ya gani.

Buzuzu ya yi zagayen cikin rabin lokacin da yake yi da. Shugaba ya tafa, ya ce, "Kai! Yaran nan sun zama abin tsoro." Ya dafa kafaɗar Dogo. Dogo, wanda ko a jarrabawa ba ya iya rufe baki, ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun gode, Yallaɓai."

Da Shugaba ya fita na haska musu fayilolin a bango, na yi ta bayani. Na yi bayani mai kyau, na sani. Na zana akwatuna da kibiyoyi. Na ce ku ga yadda komai ya samu ɗakinsa. Shiru ta ɗauki Buzuzu ta juya cikinsa tana kallo, kamar tana duba ko shi ne.

Suna da wata al'ada: wanda ya rubuta abu shi ke danna loda, sannan ya ƙwanƙwasa murfin robar sau biyu kafin a ajiye a layi. Yau babu wanda ya ƙwanƙwasa. Sai yanzu da nake rubutu na lura.

Talata, 13 ga Mayu

A ɗakin malamai Shugaba ya ce kowa ya yi koyi da ni wajen jan yara a jiki. Na ce, "Ai ƙoƙarinsu ne." Kowa ya ce ga tawali'u.

Laraba, 14 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun yi gwaji irin na ranar gasa. Na ɓare salatif daga tsakiyar layi na bar giɓi kamar taƙi ɗaya, na ce ku sa ya tsallake, ni na koma bayan igiya. Na zauna a kujerar bakin ƙofa. Da can irin wannan kafin in gyara zama sun gama, suna faɗa suna ƙwace madannai daga hannun juna.

Yau Tabarau ta buɗe fayil na farko ta rufe. Ta buɗe na biyu. Dogo ya ce a duba saituna. Suka canza wata lamba, Buzuzu ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar wanda kunama ta harba. Suka canza wata, ya ƙi motsi sam. Ni ina ganin layin da ya kamata su taɓa, daga inda nake zaune ina ganinsa. Lokaci ya cika ba su tsallake ba.

Tabarau ta juyo. Ba da rashin kunya ba, da ma da rashin kunya ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malama, ina Buzuzu yake a nan ciki? Na duba ko'ina ban gan shi ba."

Na ce akwai sauran lokaci, zan koya musu, za su saba.

Ta ce, "In alƙali ya tambaye ni wa ya rubuta, me zan ce?"

Sai na ji bakina ya ce, "Ki ce tare muka yi."

Ni. Ni da nake tsayar da aji guda in yi musu wa'azi a kan satar amsa. Ni da na taɓa yaga takardar ɗan Mataimakin Shugaba a gabansa.

Can ta ce, "To a dawo mana da namu." Na ce yana nan, na ajiye, gobe zan kawo.

Alhamis, 15 ga Mayu

Babu shi.

Na duba kwamfutar ciki da bai. A kan nasu na yi ta rubuta nawa ina adanawa da suna ɗaya, guntayen da suka rage kuma na share su ranar Lahadi, har kwandon sharar na zubar, don in bar musu wuri fes. Allon ma na loda nawa a kai. Ko da ban loda ba, abin da ya shiga allo ba ya fitowa a yadda mutum zai karanta.

A bangon ɗakin gwaje-gwaje, saman teburin kwamfuta, akwai kwali da na rubuta da hannuna tun ranar farko: AJIYE KWAFI KAFIN KA TAƁA. Da jan alƙalami. Har na ja masa layi biyu.

Na ja Dogo gefe, na tambaye shi kamar da wasa ko yana da kwafi a filashinsa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, akwai da. Wuri ne ya yi mini kaɗan, na cire na sa wasan ƙwallo. Ai naki yana nan ko?"

Na ce yana nan.

Ƙarya ta biyu ke nan cikin kwana biyu. Ga yara na ce na manta kwafin a gida.

Juma'a, 16 ga Mayu

Tabarau ba ta zo kulob ba. A aji ta zauna a baya, ta amsa sunanta, ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Na yi tambayar da na san ita kaɗai ta sani. Ta kalli taga.

Shiru ce ta kawo saƙo, da ƙyar na ji muryarta. Wai ta ce a ba wani gurbinta, ita ba za ta tsaya gaban mutane da kayan aro ba.

In babu ita babu gasa. Doka ta ce mutum uku. Amma ba gasar ce ke damuna ba. Yarinyar nan da ta zo wurina ko kunna kwamfuta ba ta iya ba. Na tuna ranar da ta fara sa 'yar fitilar allo ta ƙyafta, ta riƙe baki ta ce, "Malama, ta ji maganata!" Ni na ce mata duk abin da ta rubuta nata ne, babu mai ƙwace mata.

Asabar, 17 ga Mayu

Na yi wanki. Na wanke har abin da ba shi da datti.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na zauna wai in sake rubuta nasu daga abin da na tuna, in kai musu gobe in ce ga shi. Na rubuta dogo_ya_juya_hagu. Na sa "jira" da gangan. Na yi ƙoƙarin yin shirme irin nasu, abin ya ƙi, ko na karkata shi sai ya miƙe. Ina cikin yi na ga me nake yi: jabu nake ƙerawa, don in yaudari 'yar shekara goma sha shida.

Na rufe. Na gaya wa Baban yara duka. Na ɗauka zai yi mini dariya, har na shirya amsa. Bai yi ba. Ya ce, "Ai kin san abin yi, Maman Auta. So kike in ce miki akwai wata hanya." Ya tashi ya ɗora ruwan shayi. Da ya yi dariyar da na samu wanda zan huce a kansa.

Litinin, 19 ga Mayu

Na tare Tabarau a baranda lokacin tara. Na ce ta zo yau kawai, magana ɗaya zan yi, daga nan ta yi abin da ta ga dama. Ta ce, "To, Malama."

Na tsayar da su ukun a ƙarƙashin kwalin nan nawa. Na ce namu fayil ɗin... sai na gyara, na ce naku. Na ce naku babu shi, ni na goge, ban ajiye kwafi ba, kuma tun Alhamis na sani na yi ta ce muku yana nan. Na ce maganar da na faɗa ta "tare muka yi" ku zubar da ita, ba maganar malami ba ce. Ku yafe mini.

 

Dogo ya ɗaga kai ya kalli kwalin, ya kalle ni, ya sake kallon kwalin. Na ga yana cije leɓe. Na ce, "Yi dariyarka, ka samu." Ya fashe har da riƙe ciki, yana cewa, "Da jan biro fa, Malama! Da jan biro!"

Tabarau ba ta yi dariya ba. Hawaye ne ya taru a bayan gilashin, ba ta bari ya zubo ba. Ta ce, "Har da wanda muka ce kar a taɓa?" Na ce har da shi. Ta ce, "Sati biyu muka yi a kansa."



Can ta ja kujera ta zauna gaban kwamfuta. Ta ce, "Saura kwana nawa?" Dogo ya ce huɗu, in ba a ƙirga yau ba. Ta ce, "Malama, don Allah ki koma kujerar bakin ƙofa."

Na ce bari in goge nawa a gabansu. Na miƙa hannu. Sai Shiru, wadda zan iya ƙirga kalmominta na zango guda, ta ce, "Malama, ki ajiye kwafi tukuna."

Har Tabarau sai da ta murmusa. Na ajiye a filashina, na goge na kwamfutar, na koma bakin ƙofa.

Talata, 20 ga Mayu

Ba su taɓa kwamfuta ba sai can da yamma. Tabarau ta ɗaure wa Dogo ido da ɗankwali, ta tsayar da shi a kan layi, ta ce shi ne taya. Shiru ce ido: ba ta da ikon cewa komai sai "baƙi a hagu", "baƙi a tsakiya", "babu baƙi", "abu a gaba". Tabarau ce kai: ba ta kallon ƙasa, bango take kallo, abin da Shiru ta faɗa kawai take ji ta ba Dogo umarni.

Dogo ya daki tebur da gwiwa. Ya ce, "Wace irin ido ce wannan, sai na fasa ƙafa za ki yi magana?" Shiru ta ce, "Na faɗa, kai ne ba ka da birki." Tabarau ta ce, "Taya ba ta magana." Ya ce, "Wannan tayar tana da uwa a gida, za ta kai ƙara."

Ashe haka suka gina na farkon ma, a ranakun da nake taron malamai. Ban taɓa sani ba. Wata biyar ina tare da su.

Da suka gama Tabarau ta ce tunda aiki uku ne, kowa ya rubuta nasa a fayil ɗinsa, kar a tsaya ana layin madannai. Dogo da Shiru suka tafi tsofaffin kwamfutocin ɗakin karatu. Fayil uku: ƙafa, ido, kai. Na buɗe baki zan ce ai abin da na yi ke nan. Na rufe. Ba shi ba ne, kuma na sani.

Laraba, 21 ga Mayu

Tambaya ɗaya suka yi mini yau. Tabarau ta zo har bakin ƙofa, ta ce, "Malama, yaya fayil ɗina zai kira abin da ke cikin na Dogo?"

Na tashi da sauri har kujera ta faɗi. Na rubuta layi biyu a allon bango da alli, na nuna mata inda ake sanar da sunan da inda ake kiransa. Sai na ji kaina ina cewa, "Kuma da za ku ware lambobin..." Ta ce, "Mun gode, Malama." Na ajiye allin.

"Jira" ya dawo. Ina jin Dogo yana ƙirga shi da baki. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya na zauna a kansu, kamar 'yar aji ɗaya.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ya bi layi. Yana tangaɗi. Shiru ta ƙwanƙwasa murfin sau biyu.

Juma'a, 23 ga Mayu

Shugaba ya leƙo. Buzuzu ya tafi yana rangaji, ya tsaya gaban cikas kamar mai neman izini, sannan ya zagaye. Shugaba ya ce, "Malama, me ya same shi? Ran nan ai kamar walƙiya."

Na ce na ran nan ni na rubuta, wannan nasu ne.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "To ina wancan?" Na ce yana cikin jakata. Ya ce, "Kin san makarantar nan ba ta taɓa ɗauko kofi ba?" Na ce na sani, Yallaɓai. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya kalli yaran, ya fita. Ban san me za a ce a ɗakin malamai ba. Na san dai ba koyi za a ce a yi ba.

Filashin na cikin jakar tawa kuwa. Sau biyu na taɓa shi yau. Na bar shi a durowar gida kafin gobe, don ban yarda da kaina ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Babban zaure, fitilu kamar rana. Da aka ajiye Buzuzu a gwaji ya kasa gane layi, haske ya yi masa yawa. Ina bayan igiya tsakanin wasu malamai biyu, ɗaya yana ta cin gyaɗa. Kafin in gama tsorata Shiru ta buɗe fayil ɗinta, ta ɗora shi a kan baƙi ta karanta lamba, ta ɗora a kan fari ta karanta, ta canza abu ɗaya. Ya gani.

Alƙalai suka ƙara kwana mai kaifi, suka matsar da cikas kusa da ƙwallo. Na ga kawuna uku a haɗe, Dogo yana taka ƙasa da ido a rufe, mutane suna kallonsa suna dariya. Tabarau ta rubuta. Ta loda. Ta ƙwanƙwasa.

Ya sha kwanar. Ya zagaye cikas, amma da zai koma layi ya goge shi da gefe, aka cire maki. Ya samu ƙwallon, ya tura, ya tura, yana tangaɗin nan nasa, ya shigar. Dogo ya yi ihun da aka ji a waje.

Ba mu zo na ɗaya ba. Ba mu shiga ukun farko ba ma. Wanda ya ci bai kai nawa sauri ba, na duba agogo. Na rubuta wannan don gaskiya ce, kuma don in ga yadda take da muni a rubuce.

Wata alƙaliya mai furfura ta duƙa gaban kwamfutarsu. Daga inda nake na ji ta yi dariya, ta ce, "Wa ya rubuta wannan, dogo_ka_daina_gudu?" Dogo ya ce, "Ita ce, Hajiya, ni ta raina." Ta tambayi Tabarau dalilin da ya sa ya goge cikas ɗin. Tabarau ta ce, "Ban sani ba tukuna. Amma a fayil ɗina yake, ni na rubuta." Matar ta daɗe tana yi musu tambayoyi, fiye da kowane tebur. Babu wadda suka waiwayo suka kalle ni a kanta.

A mota sun yi barci su biyu. Tabarau na rungume da kwalin. Ba ta yi mini magana ba sai da za ta sauka, ta ce, "Sai Litinin, Malama."

Litinin, 26 ga Mayu

Na shiga ɗakin gwaje-gwaje da wuri don in sa batir a caji. Kwamfutar na kan tebur. Na ce bari in leƙa kawai.

A saman fayil ɗin kai, layin farko, da manyan baƙaƙe: MALAMA, KARANTAWA KAWAI. A ƙasa wani ya ƙara, kuma na san hannun Dogo ne: AN AJIYE KWAFI UKU, ƊAYA YANA WURIN DA BA ZA KI SANI BA.

Na karanta. Na ga abin da ya sa ya goge cikas ɗin. Layi ɗaya ne, yana juyowa kafin bayansa ya wuce. Gyaran bai fi ƙiftawar ido ba. Yatsana har ya sauka a kan madanni.

Na rufe kwamfutar. Ba wani abu ba ne, ƙararrawa ce ta kusa, kuma ina da aji.

Da yamma suka zo suka ɗaure wa Dogo ido. Ba su gano ba yau. Sun bar fayil ɗin kai sun koma neman abin a na ƙafa, inda ba ya nan. Na yi makin jarrabawa a kujerar bakin ƙofa, na ciji murfin biro har ya fashe.

Auta ya tafi makaranta da igiyar takalminsa ɗaya doguwa ɗaya gajera. Da ya dawo tana nan a ɗaure. Baban yara ya kalli takalmin, ya kalle ni. Na ce masa sauri nake yi da safe, kar ya fara.